A Barazil na koyi tambayar rana

  

A wannan wata labarin tafiya na kawo muku. Cikin watan Janairu, lokacin da muke fama da ɗari da hazo, na je ƙasar Barazil, can ƙetaren babban teku, yamma da Afirka. Mu huɗu munka tafi, don mu gano yadda manoman wani yanki nasu suke zama da fari. Abin da munka gani yana da yawa. Amma da magana zan fara, don wata ƴar tambaya bisa rana ta sa na ji kunya gaban wani dattijo, kunyar da har yau ban manta ba.

Barazil ƙasa ce babba ƙwarai. Ta kusa ninka Nijar sau 7, mutanenta sun wuce miliyan 200. Ba su Faransanci, ba su Ingilishi. Harshen Fotugal suke yi, don Turawan Fotugal ne sunka sauka can a shekara ta 1500, sunka riƙe ƙasar har 1822. A Afirka ma akwai masu wannan harshe: Angola, Mozambik, Gine Bisawu, Kap Ber da Sawo Tome. Mu kira shi Fotuganci, kamar yadda muke cewa Faransanci ko Larabci.

Kafin mu tashi daga Yamai, wani abokina da ya saba tafiye-tafiye ya ba ni shawara. Ya ce: "In ka rasa abin da za ka ce ma mutum, yi mishi zancen gari. Ko ana rana, ko ana ruwa, kowa yana da ta cewa." Sai na sayi ƙaramin kaye na rubutu, na sa aljihu. Kalmomin da za ku gani nan daga cikinsa na kwaso su. Na rubuta su iri biyu: yadda su suke rubuta su, da kuma yadda kunnena ya ji su, da baƙaƙenmu na Hausa. Na biyun za ku karanta da ƙarfi.

Babu jirgin sama da ke zuwa Barazil kai tsaye daga Yamai. Sai da munka sauya jirgi, munka kwana Lizbon, babban birnin Fotugal. Can munka tarar da sanyi da ruwa tare. Ku riƙe wannan, don zai dawo gaba: a Fotugal lokacin ɗari shi ne lokacin ruwa, lokacin zafi kuwa gari a bushe yake. Wannan lokaci na sanyi da ruwa suna ce mishi inverno, a baki "imbernu".

Da safe ina zaune kusa da ƙofar masauki, sai wani mutum ya shigo daga waje. Matar da ke karɓar baƙi ta ɗaga kai ta ce mishi: "Está sol?" Ni kunnena "Shta sol?" ya ji, don mutanen Lizbon haɗiye rabin kalma suke yi. Sol ita ce rana, ranar da ke sama. Ranar kwana, kamar ran Juma'a ko ran kasuwa, sunanta daban ne, dia. Tambayar matar ke nan: "Ana rana?" Mutumin ya kakkaɓe ruwa daga rigarsa ya ce babu. Matar ta ɓata fuska kamar an gaya mata rasuwa.

Wajen hantsi hadari ya yaye. Sai ga mutane sun fito, sun zauna bisa kujeru bakin titi, sun miƙa ma rana fuska, sun rufe ido, kamar ƙadangaru bisa katanga. Kowa yana cewa "bom tempo", wato "bon tempu". Tempo kalma ce mai ma'ana biyu: lokaci, da kuma halin da sama take ciki. Mu ma haka "gari" yake gare mu, ko birni, ko sama. Na ɗauko kaye na rubuta: rana, bon tempu, gari mai kyau. Hadari, mau tempu, mugun gari. Har na ja layi ƙarƙashi.

Daga Lizbon munka yi kusan awa 8 bisa ruwan teku, munka sauka Fortaleza, babban birnin jihar Siyara, arewa maso gabas na Barazil. Zafi muka tarar kamar na bazara, sai dai da iskar teku. Wanda ya tarbe mu wani saurayi ne Bafulatani daga Gine Bisawu. Yana karatun noma a wata jami'a da anka kafa a 2010 a garin Redensawu, don ɗaliban Barazil da na ƙasashen Afirka masu Fotuganci. Yana jin Faransanci, shi ya zama tafintanmu. Baba yake ce mini.

Da na gwada mishi abin da na koyo, ya yi dariya ya ce: "Baba, wannan na Lizbon ne. Nan ba haka suke cewa ba." A Barazil cewa suke: "Tá fazendo sol?", a baki "Ta fazendu sau?" Baƙin l na ƙarshen kalma ya koma u, sol ta zama "sau". Fazendo kuwa yi ne. To kun gani, daidai da Hausa: "Ana yin rana?" Mai sauri yana iya cewa "Tá sol?" kawai, ko "Tem sol?", wato "Akwai rana?"

Amsar ma da sauƙi. Ba su cika cewa "i" ba. Kalmar farko ta tambayar suke maimaitawa. In ana rana, ka ce "Ta". In babu, mutanen wannan yanki sukan ce "Tá não", a baki "Ta nawu". In gobe kake tambaya, sai ka ce: "Vai fazer sol amanhã?", a baki "Bai faze sau amanya?" Wannan b ɗin ba b ba ce sosai, tsakanin b da f take, mu ba mu da ita. Amma ko da b ka faɗa, sun gane. In rana ta ƙwalle ƙwarai, suna cewa "sol de rachar", "sau ji hasha", rana mai tsaga abu.

Da marece na gwada bakin teku. Wani mai saida kwakwa yana sare kanta da adda, yana ba mutane su sha ruwanta. Na ce mishi: "Bai faze sau amanya?" Ya washe baki ya ce: "Vai, se Deus quiser." "Bai, si Deus kize", wato "Za a yi, in Allah ya so." Wannan bawan Allah da rana yake ci. In gari ya yi lumshi, masu wanka ba su zuwa, kwakwarsa ta kwana. Na koma masauki da murna. Na ce abin da na rubuta Lizbon gaskiya ne.

Gidan dattijo

Bayan kwana biyu munka shiga mota munka yi kudu, kilomita 160 da ɗoriya, zuwa garin Kishada. Muna nisa da teku, ƙasa tana sake kama. Wannan yanki na ciki suna ce mishi Sertawu. Dajinsa kuwa katinga, kalma ce ta mutanen ƙasar na farko, ma'anarta farin daji. In rani ya yi, itatuwa sun kaɗe ganye, komi ya yi toka-toka, kamar dajinmu cikin watan Afrilu. Can da can sai ka hangi itace guda kore shar. Juwazeru sunansa, ɗan uwan magarya da kurna ne. Akwai kuma wani tsiro mai ƙaya, mandakaru, yana tsaye ya fi mutum tsawo, da hannuwa sama. Kewaye da Kishada manyan duwatsu ne, ɗaya ya yi kama da kaza bisa ƙwai, kuma sunansa ke nan, dutsen kaza mai kwanci.

Ku makiyaya da kun ji daɗin kallo. Awaki da tumaki ko'ina. Shanu masu tozo kamar namu. Makiyayin shanu bisa doki yake, in zai shiga daji da kayan fata yake shiga tun daga hula har takalmi, don ƙaya. A al'adar da, ladansa maraƙi ɗaya ne cikin huɗu da anka haifa hannunsa.

Anka kai mu gidan wani dattijo manomi, ya kai shekara 70. Ya yi sassabe, gona tana nan fes, ba a shuka komi ba. Sama babu ko ɗigon girgije. Na ce yau zan nuna abin da na iya. Na gaishe shi, "Bom dia", barka da kwana. Sannan na nuna sama na ce da ƙarfi: "Ta fazendu sau! Tempu bon!" Ana rana, gari ya yi kyau!

Dattijo ya dube ni. Ya dubi sama. Ya dubi gonarsa. Ya faɗi kalma uku a hankali. Ɗansa ya kau da kai yana dariya, tafinta ya sunkuyar da kai. Na ce: "Yaro, mi ya ce?" Ya ce: "Baba, cewa ya yi: mai kyau ga wa?"

Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni fa ɗan manomi ne. A ce cikin watan Yuni, iri yana cikin ƙwarya, ana jiran ruwan shuka, wani baƙo ya zo ƙofar gidana ya ce mini gari ya yi kyau, rana ƙwal. Mi zan ce mishi? Na san wannan tun ina yaro. Amma kwana ɗaya na Lizbon da layin da na ja cikin kaye sun ɗauke mini hankali. Na roƙi gafara. Na ce ma tafinta ya gaya mishi daga ina na fito: ƙasar da ruwa yake wata uku zuwa huɗu, ƙasar da ta ga farin 1973 da na 1984, inda shanu sunka faɗi bakin rijiyoyi. Dattijo ya saurara. Sannan ya sa anka kawo kujeru ƙarƙashin rumfa, da kafe mai sukari da yawa. Nan karatuna na gaskiya ya fara.

Ya ce a Sertawu ba a tambayar rana, don kullum tana nan, ba ta fashi. Tambayar ita ce: "Vai chover?", a baki "Bai shube?", wato "Za a yi ruwa?" Ruwan sama chuva ne, "shuba". In hadari ya taso baƙi ƙirin daga gabas, sai su ce: "Tá bonito pra chover." "Ta bunitu pra shube." Bonito shi ne kyakkyawa, kalmar da ake faɗa ma yaro mai kyau ko doki mai kyau. Ma'anar maganar: gari ya yi kyau don ruwa. Sau da yawa "Ta bunitu" kawai suke cewa, kowa ya san hadari ake nufi. Hadarin da mutumin Lizbon ya kira mugun gari, shi ne manomin Siyara yake kira kyakkyawa, kuma harshensu ɗaya. Dattijo ya ce abin da ke ba shi haushi shi ne tele. Mai faɗin halin gari yana can cikin babban birni na kudu, ya nuna yankinsu bisa taswira, ya ce gobe "tempo bom", yana murmushi.

Kun tuna imbernu, lokacin sanyi da ruwa na Fotugal? Da Turawan sunka zo nan, sun tarar babu sanyi ko kaɗan. Sai kalmar ta bar sanyin ta manne ma ruwan. Yau a Sertawu imbernu ita ce damana, daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da mu muke tsakiyar rani. In ka ji manomi ya ce bana an yi imbernu mai kyau, amfanin gona yake nufi. Fari kuwa seca ne, "seka". In mutum ya kira ɗan uwansa da salula, bayan gaisuwa sai ya ce: "Choveu aí?", "Shubeu a-i?", an yi ruwa wajenku? Kamar dai mu da "Ƙaƙa ruwa?", "Ruwa ya yi gyara."

Ɗan dattijon ya ba mu wani labari da duk ɗan Siyara ya sani. Ran 30 ga Janairu 1942, a birnin Fortaleza, an yi ƴan kwanaki gari yana lumshe, mutane sun sa rai damana ta kama. Sai rana ta keto hadari ta fito. Jama'ar da ke dandalin tsakiyar birni, wanda ake kira Prasa du Fereira, sunka ɗaga kai sunka yi ma rana ihu, irin ihun da yara ke yi ma ɓarawo. Jarida ta buga labarin. Har yau suna ba da shi suna dariya. Amma shekarar nan fari anka yi.

Dalilin tsoro

Na tambayi ruwan da suke samu a shekara. Wajen milimita 700 zuwa 800. Na yi mamaki, don Maradi wajen 500 take samu. Na ce: to mi ne ne abin kuka? Anka kai ni bakin gona, anka haƙa da hauya. Ba a yi nisa ba sai dutse. Ƙasar ba ta da zurfi, ba kamar jigawarmu ba da ke shanye ruwa ta ɓoye. In ruwa ya sauka, gudu yake yi ya wuce. Rijiyoyi da yawa ruwan gishiri gare su. Wanda ya taru cikin tafki kuwa rana ce ke shanye shi: a shekara tana iya ɗauke zurfin mita 2. Sannan wata shekara damana ta zo cikakkiya, wata ta zo rabi, wata ta ƙi zuwa sam.

Tsofaffinsu suna lissafin shekarun fari kamar yadda namu suke lissafin yunwa da sunayenta. Mafi muni shi ne na 1877 zuwa 1879. An ƙiyasta mutane kusan rabin miliyan sun mutu, da yunwa da cutar agana. Bayansa sarkin Barazil na lokacin, Pedro na 2, ya ba da umurni a gina madatsar ruwa kusa da Kishada. Sedru sunanta, an gama ta a 1906, da dutse sassaƙaƙƙe. Tana ɗaukar ruwa wajen mita kubik miliyan 125. Mun je mun gan ta, ƙarƙashin dutsen kazar nan take. A farin 1932 hukuma ta kafa sansanoni, ta tsare masu gudun yunwa ciki don kada su shiga Fortaleza, mutane da yawa sunka mutu can. Na kusa shi ne na 2012 zuwa 2017, shekara shida a jere. A 2016 Sedru ta ƙafe ƙaƙas, anka riƙa tsintar ƙwaryar kififfiya bisa busasshen laka.

Wanda ya gaji irin wannan tarihi, dole ya iya duban sama. Kowace shekara cikin Janairu, fiye da shekara 25 ke nan, ana taro a Kishada na manoma masu duban alamun ruwa. Suna ce musu profeta, amma ba annabci suke nufi ba, sanin daji ne. Mun rasa taron da ƴan kwanaki, sai labari munka ji. Kowa yana tashi gaban jama'a ya faɗi abin da ya gani. Wani tururuwa yake dubi: in sun kwashe gida daga kwari sun hau tudu, ruwa yana tafe. Wani tsuntsu mai gina gidan laka yake dubi, ya ga ina ya juya ƙofarsa. Wani furen itatuwa. Wasu suna aje ƙwayar gishiri shida waje cikin daren 13 ga Disamba, kowace ƙwaya wata guda, daga Janairu zuwa Yuni. Wadda ta jiƙe da safe, watanta zai yi ruwa. Na ba su namu: zuwan shamuwa, gawo da ke zubda ganye in damana ta kusa, tururuwa ɗauke da ƙwai. Dattijo ya ji daɗin labarin gawo ƙwarai, ya sa na maimaita sau biyu.

Jihar tana da ma'aikatar meteyo tata, Funseme. Ita ma cikin Janairu take faɗin hasashenta bisa damana, daga zafin ruwan teku da tafiyar iska. Akwai kuma wa'adi da kowa ya sani: 19 ga Maris, ranar da Kiristocin can suke bikin wani waliyinsu, Yusufu. In ranar ta wuce ruwa bai kama ba, sun ce shekara ta tafi.

Na ce ma dattijo: "To Baba, kai wa kake bi, tururuwa ko meteyo?" Ya ce duka yana saurare, radiyonsa ba ya mutuwa. Amma duka sun taɓa faɗin ruwa, ruwa bai zo ba, kuma babu wanda ya biya shi irinsa. Shi hannunsa yake bi. In an yi ruwa, sai ya tona ƙasa. In laima ta kai taƙi guda, ya shuka. Wasu maƙwabtansa suna yin binne, su shuka cikin busasshiyar ƙasa su jira, kamar yadda wasunmu ke yi. Ya ce ya yi sau biyu, sau ɗaya ya ci, sau ɗaya iri ya ƙone. Masara da wake yake shukawa. Waken nan namu ne sak, daga Afirka aka kai shi. Da shi anka yi muna abincin rana, shinkafa da wake, da wani nama mai gishiri da suke ce ma naman rana, ko da yake a inuwa mai iska ake shanya shi.

Rumbun ruwa

Na ce mishi: farin 2012 ya yi shekara shida, ƙaƙa kunka yi ba ku gudu ba? Ya ce bisashe sun mutu da yawa, shi ma ya yi hasarar shanu. Motocin ruwa da soji ke kula da su sun taimaka, da kuɗin taimako da gwamnati ke ba iyalai matalauta. Sannan ya kama hannuna ya kai ni gefen ɗaki.

Wani gini ne kewayayye, fari fat, rabinsa cikin ƙasa, da kai mai tsini. Da na hange shi daga mota na zaci rumbu ne. Ashe rumbu ne, amma na ruwa. Sisterna suke ce mishi. Da fale-falen siminti ake gina shi, ana zuba su nan cikin gida bisa rairayi, a jera, a ɗaure da waya, a yaɓe ciki da waje. Wani magini ɗan ƙauye ne ya ƙago dabarar, bayan ya yi aikin gina tafkin wanka na masu kuɗi a birnin Sawo Paulo. Indararo yana bin bakin rufin ɗaki, ya haɗu da bututu, bututu ya shiga rumbun. Ruwan farko ba a bari ya shiga, shi ne wankin rufi. Akwai murfi da kwaɗo don yara, da ƙaramin famfo na hannu. Ana shafa farar ƙasa don rana kada ta tsaga shi. Rana ba ta ganin ruwan, saboda haka ba ta shan shi.

Yana cin lita 16.000. Tano 80 ke nan na lita 200, ko bido 640 na lita 25. Gida mai mutum biyar, in don sha da dahuwa ne kaɗai, yana kai su wajen wata 8. Ƙungiyoyin manoma ne sunka fara yaɗa shi, gwamnati ta sa kuɗi daga 2003. Waɗanda anka gina sun wuce miliyan 1. Matar dattijon ta ce da can kullum da asuba take fita da jaki neman ruwa, ruwan kuma da shanu suke sha tare. Ta nuna mini wuyanta, ta ce shi ya san labarin.

Ga lissafin, ku gwada shi wajen karatun manya. Milimita 1 na ruwan sama bisa mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ne. Rufin kwano mai mita 8 da mita 5 ya ba da 40. In an yi milimita 500, 40 sau 500 lita 20.000 ke nan. A cire wankin rufi da abin da ya zube, rumbu ya cika. Wato ruwan Maradi ya isa. Matsalarmu rufi ce: ɗakunanmu da yawa soro ne ko ciyawa, ruwansu ba ya shayuwa. Amma lakkol da ɗakin magani da magazan kwaperatib suna da kwano, ruwansu yana zuba ƙasa banza kowace damana. A can ma akwai babban rumbu na lita 52.000, wanda ke karɓar ruwa daga daɓen siminti bisa ƙasa, don lambu da bisashe. Dabarar ta riga ta ƙetaro teku: daga 2018 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gwada irin waɗannan rumbuna a Senegal da Nijar. Abin da zan ƙara daga ganina shi ne: siminti da tsada, kuma rumbun da ba a wanke shi kowace shekara ba ciwon ciki zai kawo.

Bayan ɗakin akwai ƴar gona ta wani tsiro mai faffaɗan kunnuwa masu kauri, palma, ɗan uwan mandakaru amma kusan babu ƙaya. Kunne guda ake yanka a dasa, ya kama. Kusan dukansa ruwa ne. Da rani ana sassara shi, a gauraya da dusa ko busasshiyar ciyawa, a ba shanu. In anka ba su shi kaɗai suna zawo. Dattijo ya ce shanun da sunka rage mishi a farin nan, palma ce ta riƙe su.

Kwana uku munka yi muna zagaya gonakin yankin. Ran da za mu koma Fortaleza, na ce sai mun biya mun yi sallama da dattijo. Da sassafe ne. Munka tarar da shi tsaye bakin gona, hannu biyu a baya. Can gabas, bayan duwatsu, hadari ya yi gindi, baƙi, iska ta fara kawo ƙamshin ƙasa. Na tsaya kusa da shi. Ban taɓa kaye ba. Na ce: "Ta bunitu."

Ya daɗe yana kallo, bai ce komi ba. Sannan ya ce: "Ta."

Ya kira ɗansa ya ce a fito da iri. Cikin kwalaben roba na lemo suke aje shi, a cika har baki, a toshe da kyau don ƙwari. Yaron ya kawo kwalba takwas na wake ya jera bakin ƙofa. Dattijo ya ƙirga huɗu ya tura gefe, ya ce in laima ta kai taƙi, waɗannan za a shuka. Sauran huɗun ya ce a maida su ɗaki, sai an ga watan Maris.